Ɗana yana musanya haruffa, ina neman shawara

Maman Abba, Aboabo:
Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 7 yana aji biyu na firamare a nan Kumasi, kuma yana karatu daidai gwargwado, amma idan aka yi musu shifta sai ya musanya b da d. Jiya na tarar da shi yana goge kalma ɗaya har takardar ta huje, hawaye na zuba. Yaya zan taimake shi?

Tsohon malami, Asawase:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Musanya waɗannan haruffa abu ne da aka saba gani a shekarunsa. Turanci yana da haruffa 26 amma sautukansa sun kai kusan 44, shi ya sa kunne kaɗai ba ya isar yaro. Ki bar haddar kalmomi ashirin a dare ɗaya, domin a ganina tana kashe zuciya. Ki zaɓi biyar masu ƙarshe iri ɗaya, kamar cat, hat da mat, ki zuba yashi a faranti, ya riƙa rubuta su da yatsa yana furta sautin kowane harafi, minti goma bayan la'asar.

Hajiya, Sabon Zongo:
'Yata, jikana da ke zuwa makarantar allo ya riƙa fara rubutun boko daga dama, sai na sa masa jan ɗigo a gefen hagu na kowane layi. Don Allah kada a dake shi.

Baban Zainab:
Idan shekara ta zagayo babu sauyi, ku je asibitin Komfo Anokye a duba idonsa da kunnensa, sannan ku tambayi malamarsa game da disleksiya, wato matsalar koyon karatu da rubuta kalmomi daidai, wadda ba ta da alaƙa da ƙarancin basira.