Na bar ƙungiya, yanzu imanin ma yana neman kuɓuce mini

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, amma don Allah kada a yi mini wa'azin wuta, na sha shi har na ƙoshi.

Shekara tara na yi a wata ƙungiya a Rigasa. Jagoranmu ne ke zaɓa wa mutum matar aure, shi ke faɗin wanda za ka gaisa da shi. Ko jana'izar kawuna a Tudun Wada ban je ba, wai ba ɗan hanya ba ne. Bara na fita. Waɗanda muke cin tuwo kwano ɗaya da su, yau in sun hango ni a Kasuwar Barci sai su kau da kai.

Abin da ya fi damuna, da na tayar da kabbara muryar jagoran nan nake ji a kunnena. Juma'ar da ta wuce na je Masallacin Sultan Bello, na yi alwala, na tsaya bakin ƙofa, sai kawai na juya na tari Keke Napep. Har tambayar kaina nake, Allah na yi imani da shi ko malam nake tsoro? Ko matata ban iya gaya mata ba.

Wanda ya taɓa shiga irin wannan hali, yaya ya yi? Asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa zan je, ko malami zan nema? Malamin ma, wa zan yarda da shi yanzu?