Mota mai magana da danja ko shataletale?

Injiniya Bala: Jama'a, ni a ganina kuɗin da Amurka ta zuba a binciken motoci masu magana da juna da kuma danja, wai don hana karo a mararraba, asara ne. Tun 1999 hukumar sadarwarsu ta FCC ta ware wa aikin zangon rediyo na musamman. Aka yi shekara 20 zangon yana zaune kusan fanko, har a 2020 ta karɓe fiye da rabinsa ta ba Wi-Fi.

Hajiya Rabi: Haba Injiniya, asara kuma? A 2012 ma'aikatar sufurinsu da Jami'ar Mishigan sun sa na'urar a motoci kusan 2,800 a garin Ann Arbor, a kan titi na gaske. Motar tana aika saƙon inda take da gudun da take yi sau 10 a daƙiƙa. Wanda ya karya danja daga bayan gini, idonka bai gan shi ba, kyamarar motarka ma haka, amma saƙonsa ya riga shi isowa.

Injiniya Bala: In motarsa na da na'urar ba, Hajiya. In babu fa? Anan gizo ke saƙar. A 2016 hukumar kiyaye haɗurra ta NHTSA ta kawo shawarar tilasta wa sababbin motoci sa ta, a 2023 ta janye. Shataletale kuwa babu ruwansa da shekarun motarka. Mararraba mai hannu huɗu tana da wurare 32 da hanyoyin motoci ke iya haɗuwa, shataletale 8 kacal, kuma dole ka rage gudu. Garin Carmel a jihar Indiyana yana da sama da 150.

Sani: Yallabai, a tsakiyar birnin New York ina za ka samu filin shataletale? Rushe gidajen mutane za a yi?

Malam Isa: Ku tsaya. Shi kansa shataletalen na zamani, ai bincike ne ya haife shi. Sai da Ingila ta kafa dokar ba wanda ke cikin da'ira hanya a 1966 sannan ya daina cushewa. To Injiniya, ba da bincike kake faɗa ba, da wanda bai kai kasuwa ba kake.

Injiniya Bala: Malam, da shi ɗin nake. Burki mai kama kansa ya kai kasuwa domin ba ya jiran motar wani.

Hajiya Rabi: Burkin nan abin da ke gabansa ya fi gani, karon mararraba kuwa daga gefe yake zuwa, inda ƙofa kawai ke tsakaninka da ƙarfe. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mace-macen titin Amurka a mararraba ne. Shi ya sa a 2023 ma'aikatar sufurinsu ta buɗe gasar ɗora na'urorin hange a kan mararrabar kanta, su hango har mai keke da mai tafiya a ƙasa.

Injiniya Bala: To, in sun hango mai karya danja, wa za su gaya wa? Direban tsohuwar mota?

Sani: Danjar za su gaya wa, Yallabai, ta ɗan ƙara riƙe ja har mai laifin ya wuce.