Allon babur ɗin ruwana ya rikice, ku agaza da shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka san kan babur ɗin ruwa su taimaka mini. Nawa tsoho ne, ƙirar ƙarshen shekarun 1990, injin tu-sitirok. A hannun yayan matata na saye shi, shi ma ba sabo ya saya ba. Da can su biyu suka haɗa kuɗi da wani abokinsa, suka samu saɓani, kowa ya yi zuciya ya ƙi taɓa shi, aka bar shi a waje rana da ruwa ba ko tampol. Matata tun farko ta ce kar in saya, don haka ba na so maganar gyara ta koma cikin dangi, kun dai gane. Na sa sabon batir, na canza filogi, an wanke kafireto, inji yana tashi ras.

Allon gaba, mai nuna lambobi da ma'aunin fetur, shi ne ke ba ni ciwon kai. Wani lokaci ya kama lafiya, wani lokaci lambobin su fito rabi-rabi, 8 ta koma kamar 3. In na ba inji wuta sosai sai allon ya ɗauke gaba ɗaya, can kuma ya dawo. Ma'aunin fetur kullum cewa yake tanki a cike. Da safe akwai gumi a cikin gilashin. Na ga wani yana sayar da allo na hannu, in saya kawai in huta? Na yi wa yara alkawarin fita ƙarshen mako.

Wani mamba: Wa alaikumus salam. Wane samfuri ne takamaimai? Kuma a ruwan gishiri aka riƙa hawansa ko a tafki?

Tsohon riwaya (mai gyaran wutar mota): Ɗan'uwa, kar ka sayi komai tukuna. Allon da ke ɗaukewa in an ba inji wuta ba shi ne mai laifi ba, wutar da ke zuwar masa ce ba daidai ba. Nemo mitar auna wuta ka ɗora a kan batir. Inji a kashe, batir mai lafiya zai nuna wajen volt 12.6. Lokacin da kake danna sitata kada ya faɗi ƙasa da 10 sosai. In inji ya tashi ka ɗan ba shi wuta, ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.5. In ka ga ya haura 15 yana ci gaba da hawa, rektifaya, wato na'urar da ke daidaita wutar cajin batir, ta mutu, kuma duk allon da ka ɗaura zai bi sahun na farko. In bai motsa daga 12 ba, ba ya caji ke nan. Ni na ce maka rektifaya ce.

Kafin ka taɓa waya ka cire kujera ka bar cikin ya sha iska, tururin fetur a nan yake taruwa, tartsatsi ɗaya ya isa. In za ka tayar da shi a tudu da tiyon ruwan sanyaya inji, inji za ka fara kunnawa sannan ka buɗe ruwa, in ka gama ka rufe ruwa kafin ka kashe inji. In ka juya tsarin, ruwa zai bi ta salansa ya shiga cikin inji. Kuma 'yan mintoci kawai.

Wata mamba: Baba, ina girmama saninka, amma ka tsallake maganar rana da gumi. Irin wannan allon akwai wata siririyar leda a fuskarsa, ita ke sa lambobi su fito. In rana ta daɗe tana dukanta sai ta ƙone, allon ya yi duhu ko ya koɗe. Lambobin da ke fitowa rabi kuwa yawanci daga ciki ne, mahaɗin gilashin da farantin wutar ne ya saki ko laima ta ci shi. Rektifaya ba ta cinye rabin 8 ta bar rabi. Ni nawa haka ya yi, wani makanike ya canza mini rektifaya, ya canza batir, ya ce har kwayil sai an taɓa, babur ya yi wata da watanni a wurinsa, in na kira ba ya ɗauka, ƙarshe allon yana nan yadda na kai shi. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Malam, ka kuma duba ko da tabarau mai kashe ƙyalli kake kallonsa, shi kaɗai yana iya sa allo mai lafiya ya zama baƙi ƙirin.

Tsohon riwaya: Hajiya, makanikenki bai auna ba ne, zato ya yi. Ni auna na ce. Leda ba ta san an ba inji wuta ba, to me ya sa allon ke ɗaukewa a daidai lokacin? In ba rektifaya ba ce, to wayar nagetif ce ta saki a jikin inji, jijjiga ke raba ta. Ya cire soket ɗin bayan allon ya duba, zai ga koriyar tsatsa a haƙoran. A wanke da man wanke mahaɗin wuta, a bar shi ya bushe, a shafa giris irin na soket. Fis ma a zare a duba ƙafafunsa, ido ba ya isa, a gwada da mita. Ma'aunin fetur kuwa maganarsa daban, abin da ke yawo a kan mai cikin tanki ne ya maƙale a sama, ko wayarsa ta samu matsala. Sabon allo ba zai gyara wannan ba.

Wani mai tsohon babur: Ku dai kuna son wahala. Nawa allon ya mutu tun tuni, na rufe shi na ci gaba da harkata. In ina son sanin mai sai in ɗaga kujera in leƙa tanki. Kayan yanzu ne suka lalata mutane, komai sai kwamfuta, ko ɗan abu ya taɓu sai a ce ka kai wa dila. Hau abinka, yara su ji daɗi.

Tsohon riwaya: Wannan shawarar ce ke kashe inji. Tu-sitirok yana shan baƙin mai daga tankinsa daban, in ya ƙare fistin zai kama. In ciyawa ko yashi ya toshe hanyar ruwan sanyaya inji, zafi zai hau. Wa zai gaya masa? A wasu samfuran ƙarar gargaɗi ma ta allon take bi. Mota in ta mutu ka sauka ka tsaya a gefen titi, a tsakiyar ruwa da yara a baya fa?

Mai tambaya: Na gode ƙwarai da kulawarku. Baba, ba na jin wuta ce, don batirin sabo ne fil. Sau ɗaya dai ya yi sanyi, na ja masa wuta daga motata ya tashi nan take. Ba ni da mita, kuma gaskiya ba na son in fara kwance wayoyi in kasa mayarwa. Ina ganin maganar Hajiya ta fi kama hankali.

Tsohon riwaya: Tsaya. Sabon batir ya yi sanyi har sai da ka ja wuta? To ai ka ba da amsa da bakinka, ba ya caji ko wani abu na zuƙe shi. Kuma motar a kunne take lokacin da ka haɗa? In a kunne take, wutar cajin mota na iya lalata kayan wutar babur ɗin ruwa, shi ya sa ake hana yin haka. Allon ya fara rikicewa kafin ranar ko bayanta?

Mai tambaya: A kunne take mana, kowa haka yake yi. Ban riƙe ranar da ya fara ba, amma babur ɗin da ya shekara a rana ai ba sai an nemi wani dalili ba. Batirin kuma na manta ban cire kansa ba ne da na ajiye.

Wata mamba: Malam, ni ban ce kar ka auna ba fa, kar ka jingina da ni. Yana iya yiwuwa duka biyun ne. Mita ko aro ka yi.

Wani sabon mamba: Kafin ka biya kuɗin na hannun, ka gwada lambar da ke bayansa da ta naka. Kamfani ɗaya, shekara ta bambanta, soket ya bambanta. Kuma shi ma shekarunsa ɗaya da naka, rana ɗaya ta dake su. Ka ce mai shi ya haɗa masa wuta a gabanka. Ni an taɓa turo mini wanda aka goge fuskarsa yana ƙyalli, ciki duk tsatsa, mai sayarwar ya toshe lambata.

Mai tambaya: Na riga na ba shi kafin alƙalami jiya da dare, don ya ce akwai wani da ke nema. Mutumin kirki ne daga muryarsa. In ya iso zan ɗaura mu gani, in bai yi ba sai in nemi mitar.

Tsohon riwaya: To Allah ya ba da sa'a. In ya ƙone kar ka ce ba a faɗa ba.

Wani mamba: Har yanzu dai ba ka gaya mana samfurin ba, da kuma ko ruwan gishiri ne.