Funfuna ta addabe mu a Fatakwal

Assalamu alaikum. Don Allah ina neman shawara. Wata huɗu ke nan da aka yi wa maigidana canjin wurin aiki, muka taso daga Kano zuwa Fatakwal, har yau danshi ya gagare ni. Shanya sai ta kwana uku ba ta bushe ba, shaddodinsa da takalman fata duk sun yi funfuna. Abin da ya fi ƙona mini rai, kuka da daddawar da Hajiyarmu ta haɗo mini sun dunƙule, sai zubarwa na yi. Na wanke bango da sabulu, ina barin tagogi a buɗe, bayan mako guda baƙin ya dawo. Ku da kuka daɗe a kudu, yaya kuke adana kayan miya da tufafi?