Neman kalmar Hausa: me za mu kira "collocation"?

1/ Jama'a, assalamu alaikum. Akwai kalmar da masu koyar da Turanci suke yawan ambata, nake son mu nema mata suna da Hausa: collocation. Abin da take nufi shi ne kalmomin da suka saba tafiya tare a bakin masu harshe, har idan ka cire ɗaya ka sa wata mai ma'ana irin tata, kunne ya ƙi karɓa. Bature yana cewa heavy rain, ba ya cewa strong rain. Yana cewa strong tea, ba ya cewa powerful tea. Babu dokar nahawu da ta hana, sabo ne kawai ya zaɓa.

2/ Abin da ya sa na damu shi ne yaranmu na nan Legas. Yaron Agege ko Idi-Araba yana tashi da harshe huɗu a kunnensa: Hausa a gida, Yarbanci a layi, Buroka a cikin danfo, Turanci a aji. Kowane harshe da yadda yake haɗa kalmominsa, shi kuwa yaro sai ya ɗauko haɗin wannan ya kai wa wancan. Mu muna shan magani, sai ya rubuta drink medicine, alhali take medicine ake so. Muna jin wari, Bayarabe ma da kalmar ji yake faɗar haka, sai ka ji yaro ya ce I am hearing smell. Muna shiga mota, kwandasta kuma enter yake ihu tun daga Oshodi har Mile 12, to ina yaro zai san get on the bus? Kowace kalma a nan Turanci ce tsantsa, haɗin ne ba na Turanci ba. Kuma hukumar WAEC, wadda babban ofishinta na Najeriya yake Yaba, ta sa irin wannan haɗi cikin abin da take jarraba ɗalibai a kai.

3/ Wanda ya fi wahalar da Bahaushe shi ne "yi". Kalma ɗaya muke da ita: yi kuskure, yi aiki, yi alkawari, yi ƙoƙari. Turanci ya raba ta biyu. Kuskure da alkawari make suke bi, aikin gida da ake ba ɗalibi do yake bi. Idan yaro ya tambayi dalili, amsar da yake samu ita ce "haka Bature yake faɗa". Wannan amsar tana kashe wa yaro gwiwa, don tana nuna masa kamar Turanci ne kaɗai yake da wannan halin.

4/ Alhali Hausa cike take da shi. Dubi "ci" da "sha". Muna cin nasara, cin amana, cin bashi, cin kasuwa, cin jarrabawa. Muna shan iska, shan kaye, shan mamaki, shan wahala. Wa ya taɓa jin an sha nasara, ko an fita cin iska? Yaro ɗan shekara shida ba zai yi wannan kuskuren ba, kuma babu wanda ya zaunar da shi ya koya masa. Idan muna da sunan abin, malami zai iya cewa: abin nan da ka sani a Hausa, shi ne dai a Turanci, abokan tafiyar ne suka canja.

5/ Asalin kalmar daga Latin ne, ma'anarta ajiye abubuwa wuri ɗaya. Harold Palmer, wanda ya koyar da Turanci a Japan, ya fitar da rahoto a kanta a 1933. J. R. Firth na Jami'ar Landan shi ya shahara da ita, a 1957 ya ce ana gane kalma ne ta waɗanda take yawo da su. Da kwamfuta ta zo sai aka fara ƙirgawa: an tara rubutu da maganar mutanen Birtaniya na kalma miliyan 100, ana duba wace kalma ce ta fi biyo wace. A 2002 Oxford ta buga ƙamus sukutum na wannan kaɗai.

6/ Ga shawarwarin da suka shigo, Allah ya saka wa kowa.

Wani malamin firamare daga Obalende ya ce "tagwayen kalmomi". Malam, tana da daɗi a baki, amma an riga mu. A nahawun Hausa tagwaye na baƙaƙe ne irin sh da ts, da wasula irin ai da au. Kuma tagwaye kama suke yi, "ci" da "amana" kuwa ba su yi kama ta ko'ina ba.

Wata 'yar'uwa ta ce "harɗaɗɗun kalmomi". Ita ma tana da mai ita: faɗi-tashi, ci-ma-zaune, inda kalmomi suka narke suka zama suna ɗaya. A namu kalmomin ba su narke ba, kana iya raba su ka ce ya ci babbar nasara.

An kawo "karin magana", wannan dabam ne. An kawo "kolokeshan", kuma ba na ƙin aro, intanet da kwamfuta ai aro ne. Amma waɗancan abubuwa ne da suka zo mana daga waje. Wannan kuwa a cikin harshenmu yake tun fil azal, aron ba zai sanar da yaro komai ba.

"Sabon kalmomi" ita ta fi kusa da ma'anar, kuma na so ta ƙwarai. A rubuce ne ta faɗi: duk wanda ya gani zai ɗauka sababbin kalmomi ake nufi.

7/ Tawa shawarar: ƙawancen kalmomi. Kalma mace ce a Hausa, muna cewa kalmar nan, kalma ce. Abokiyar mace kuwa ƙawa ce. Ga shi sunan yana haihuwa ba tare da an matsa masa ba: "amana" ƙawar "ci" ce, "iska" ƙawar "sha" ce, heavy da rain suna ƙawance, strong da rain ba sa yi. Ɗalibi zai iya tambaya, "Malam, su wa ye ƙawayen wannan kalmar?" kuma kowa a aji ya gane.

Har ƙarfin ƙawancen ana iya aunawa. Akwai kalma mai ƙawaye da yawa kamar "babba". Akwai mai ƙawa ɗaya tilo: "ƙirin" ba ta bin kowa sai baƙi, "fat" sai fari, "shar" sai kore.

8/ Wani dattijo daga Alaba Rago ya ce ƙawance ta tafi wurin 'yan siyasa, ƙawancen jam'iyyu da ƙawancen ƙasashe. Baba, gaskiya ne, amma ina ganin wannan goyon baya ne. Tunda Hausa ta yarda jam'iyyu su yi ƙawance, ba za ta hana kalmomi ba. Ya ce shi "abota" ya fi so. Ban ga laifinta ba, sai dai "abokiyar kalma" ta fi "ƙawar kalma" tsawo, kuma "abokin tafiya" muna amfani da ita a wasu wurare da yawa.

9/ Masana sun raba abin gida biyu, kuma sunan ya ɗauki duka. Na farko tsakanin manyan kalmomi, suna da aikatau da sifa, irin make a mistake. Na biyu tsakanin babbar kalma da 'yar ƙarama ta nahawu: depend on, listen to, good at. Mu ma muna da shi: saba da, rabu da, dogara ga. A nan ne ake yawan jin discuss about da request for a ofisoshin Legas, inda aka ba aikatau ƙawar da ba ta nema ba. Wannan na biyun sai mu ce masa ƙawancen nahawu.

10/ Mafi yawan waɗanda suka amsa sun koma kan ƙawancen kalmomi, don haka da ita zan riƙa rubutu daga yau. Malamai masu darasin yamma a Agege da Idi-Araba, don Allah ku gwada ta a aji, ku fara da "ci" da "sha" kafin ku kai ga make da do, ku dawo mana da abin da yaran suka ce. Saura kashi na farko, na manyan kalmomi, har yanzu bai samu suna ba. An ce "ƙawancen ma'ana", amma ban gamsu ba, don na nahawun ma yana taɓa ma'ana. Mai shawara ya kawo.