Filin Wasa ko Sababbin Azuzuwa: Muhawara a Zauren Iyayen Yara

Sakatare: Assalamu alaikum iyaye. Saƙo ne daga hukumar makaranta. Ana so a gina azuzuwa uku a filin baya inda yara ke wasa, sannan a mayar wa 'yan JSS darasin PHE (wato motsa jiki da kiwon lafiya) na Laraba da Alhamis zuwa lissafi da Turanci. An ce mu tattauna a nan kafin taron ranar Asabar. Don Allah kowa ya faɗi ra'ayinsa cikin mutunci.

Baban 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam. Ni na goyi baya, kuma da ma tuni ya kamata a yi. Wannan batu na motsa jiki a makaranta damuwar Turawa ce, su da yaransu ke fita daga mota su shiga aji, su fito su koma gaban talabijin. Yaron Bahaushe ba ya buƙatar malami ya koya masa gudu. Hassan ɗina da an taso daga Islamiyya yana lungu yana ƙwallo ba takalmi, sai an kira magariba nake korarsa da bulala. Ga aike, ga ɗiban ruwa idan famfo ya ɗauke. Ajinsu kuwa su sittin da huɗu ne, wasu uku-uku a benci. Kuɗin karatu muke biya, ba na guje-guje ba.

Alhaji na Kwari: Ka gama magana. Ni abin da na sani da sunan wasanni a makaranta shi ne intahaus, gasar shekara-shekara tsakanin gidajen makaranta, wato takardar karɓar kuɗi. Kuɗin riga, kuɗin rumfa, kuɗin maci, sai kuma a sa ka zama uban gida mai launin kore ka zo ka yi liƙi. Yara goma ne ke gudu, sauran ɗari uku suna tsaye a rana suna ihu. Shekara ta zagayo a sake.

Maman Ummi: Alhaji, a nan kam ba ka yi ƙarya ba. Har na tuna garin gulukos da ake zuba wa wanda ya yi tsere a tafin hannu yana lasa, mu da ba mu yi gudu ba muna leƙe muna haɗiyar yawu. Amma Baban 'Yan Biyu, tambaya ɗaya gare ni. Ka ba mu labarin Hassan. Ina Hassana?

Baban 'Yan Biyu: Hassana ai mace ce, Hajiya. Tana gida tana taya uwarta aiki.

Maman Ummi: To ai nan nake so mu zo. Bari in lissafa muku ranar Ummi, shekararta goma sha uku. Ƙarfe bakwai adaidaita ya ɗauke ta a ƙofar gida ya sauke ta a ƙofar makaranta. Zaune take har ƙarfe biyu, in ban da tara da rabi da take cin abinci, shi ma a zaune a kan baranda. Ta dawo ta yi salla ta ci abinci, ƙarfe huɗu Islamiyya a kan tabarma har kusan magariba. Da dare aikin gida na makaranta, sai ta karɓi wayata. Asabar da Lahadi hadda tun safe. Aikin gidan da ake cewa, wanke-wanke ne a tsugune da 'yar shara. Na zauna na duba, wallahi ban ga inda yarinyar nan take yin abin da zai sa ta haki ba a mako guda cur. Mu a shekarunta muna gaɗa a dandali da farin wata, muna 'yar gala-gala, muna tsallen igiya har ƙafa ta yi futu-futu da ƙura. Yanzu wa zai bar 'yarsa ta fita dandali da dare? Ni ma ba zan bari ba. Filin makarantar nan shi kaɗai ya rage mata.

Anti Nas: Hajiya, abin da kika lissafa ba gidanki kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 a rana na motsi mai sa numfashi ya ɗaga, sannan kwana uku a mako a haɗa da irin wanda ke ƙarfafa ƙashi da tsoka, kamar tsalle da gudu. A 2019 hukumar ta fitar da wani babban bincike kan 'yan makaranta miliyan 1.6 masu shekara 11 zuwa 17 a ƙasashe 146, aka samu kashi 81 cikin ɗari ba sa cika wannan awa ɗayar. A mata kashi 85, a maza kashi 78. Kuma ba ƙasashen masu kuɗi kaɗai ba, har da matalauta. Don haka cewa ciwon Turawa ne bai tsaya ba, Yaya.

Abin da ya fi damuna ni shi ne ƙashi. Yawancin ƙarfin ƙashin da mutum zai rayu da shi yana taruwa ne kafin ya kai shekara ashirin ko jim kaɗan bayan nan, kuma shekarun balaga su ne kan gaba. Ƙashi yana ƙara kauri ne idan ana ɗora masa nauyi. Yarinyar da ta zauna daga sha biyu zuwa sha takwas, sannan ta shiga haihuwa da shayarwa, ita ce za ta zo mana tana da arba'in tana kukan baya da gwiwa.

Baban 'Yan Biyu: Anti, ina girmama aikinki. Amma ku daina kawo mana lissafin Janeba, hedkwatar hukumar nan. Mu a nan yunwa ce matsalarmu ba ƙiba ba. Yaro ya zo makaranta da kokon naira ɗari a cikinsa, a ce ya zaga fili a ranar Afrilu, zafi ya haura arba'in? Sumewa zai yi.

Anti Nas: Maganar yunwa gaskiya ce, ba zan musa ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma ma sun haura rabi. Amma ba don ƙiba kaɗai ake motsa jiki ba. Zo asibiti ranar masu hawan jini da ciwon suga ka ga ramammu nawa ne a layi. Batun zafi kuwa, laifin mai tsara jadawali ne da yake ajiye PHE ƙarfe ɗaya na rana. A mayar da shi ƙarfe takwas na safe, a ajiye randa.

Tsohon Malamin Wasanni: Salamu alaikum. Jikata ce a makarantar, shi ya sa aka sa ni a zauren. Na koyar da wannan darasi shekara talatin kafin in yi ritaya, kuma zan ba ku mamaki: abin da ake kira PHE yanzu, ko an soke shi ba a yi asarar komai ba. Na ɗauki littafin jikata na duba. An rubuta mata cewa faɗin raga mita 7.32 ne, tsawonta sama mita 2.44, bugun fanareti daga mita 11. Ta haddace tsaf, ta ci jarrabawa. Ba ta taɓa sa ƙafa ta taɓa ƙwallo ba. Malamin yana tsaye gaban allo da alli, sanye da babbar riga, yana ba su ma'anar wasan ninƙaya. Tun da aka cusa darasin cikin kimiyya da fasaha a manhajar da aka fara aiki da ita a 2014, ya ƙara zama abin rubutu. Saboda haka ni darasin allo a ɗauke shi a ba lissafi, ban damu ba. Filin ne ba zan yarda a taɓa ba. Aji idan an rasa yau ana iya ɗora bene gobe. Fili idan aka zuba masa kankare ya tafi har abada. Ku zaga cikin gari ku ƙirga makarantun kuɗi da ke cikin gidan haya mai ɗaki shida, inda ko taron safe a soro ake yi.

Alhaji na Kwari: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ƙwallon nan wa ta ciyar? Cikin dubu mutum nawa ke zama Ahmed Musa?

Tsohon Malamin Wasanni: Alhaji, ai wannan tunanin ne ya kashe abin. Ba don a fitar da Ahmed Musa ake yi ba, kamar yadda ba don kowa ya zama farfesa ake koyar da lissafi ba. Gaskiya ne Garba Lawal da Tijjani Babangida da Daniel Amokachi, da suka ciyo zinare a ƙwallon Olamfik a Atlanta a 1996, duk Kaduna ce ta raine su, kuma da babu filaye da ba a gan su ba. Amma ni yaron da na fi tunawa a aikina wani mai jiki ne da kullum yake ɓuya a bayan aji ranar wasa don kada a yi masa dariya. Na sa shi a jan igiya, ya zama shi ne na ƙarshe mai riƙe wutsiya, gidansu ya ci. Daga ranar ya daina ɓuya. Ƙwallon lungu da Baban 'Yan Biyu ke yabo, gwanaye ne ke bugawa. Mai ƙiba, da mai tsoro, da mace, da ƙaramin da ake ce wa tafi ka tsaya a raga, duk suna gefe. A makaranta ne kawai ake da babba da zai ce kowa sai ya shiga.

Kuma ba sai an sayi kaya ba. Langa ƙafa ɗaya kawai take buƙata, kuma har gasar wasanni ta ƙasa ana yin ta tare da kokawa da dambe. Minti biyar na langa ya fi zagaye fili sau uku gajiyarwa, wanda ya musa ya gwada a tsakar gidansa yau.

Maman Khalifa: Ni tsorona daban ne. Ɗana sikila ne. A makarantar da ya baro, wani malami ya sa su tsallen kwaɗo a rana don sun makara, muka kwana huɗu a asibiti. Tun daga nan na rubuta takarda cewa kada a sake sa shi ko da maci.

Anti Nas: Allah ya ƙara masa lafiya, Maman Khalifa. Abin da aka yi masa horo ne na mugunta, ba motsa jiki ba. Mai sikila ana so ya yi wasa daidai ƙarfinsa, ya sha ruwa sosai kafin da bayan, ya huta da zarar ya ji gajiya, a kiyaye shi daga tsananin zafi da sanyin hunturu. Kuma a ƙasar da ake haifar jarirai kusan 150,000 da sikila duk shekara, dole kowane malamin wasa ya san su waye a ajinsa. Haka masu asma idan ƙurar hunturu ta taso, abin shaƙarsu ya kasance a aljihu ba a ofis ba. Ku yi magana da likitansa ya rubuta abin da zai iya, ya fi a ajiye shi a gindin bishiya yana gadin jakunkuna.

Ustaz: Tunda an ambaci Islamiyya bari in sa baki, kada a ce mu ne muka zaunar da yara. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha ta wuce shi, bayan wasu shekaru suka sake ya wuce ta. Kuma ya ce mumini mai ƙarfi ya fi alheri da soyuwa a wurin Allah a kan mumini mai rauni, ko da yake kowannensu da alherinsa. Sharaɗina biyu ne: mata su yi nasu daban da malama mace, kuma a bar su da dogon wando da hijabi. Gajeren siket ɗin nan na maci shi ya sa iyaye da yawa suka janye 'ya'yansu, ba ƙin wasa ba.

Maman Ummi: Na yarda, Malam. Ummi ma abin da ke hana ta kenan, samari na tsaye a jikin katanga suna kallo.

Baban 'Yan Biyu: Duk na ji. Amma har yanzu ba wanda ya ba ni amsar sittin da huɗu a aji. Kuma jarrabawar JSS 3 ba langa za a tambaye su ba.

Tsohon Malamin Wasanni: Ɗana, yaron da ya zauna awa shida a benci, kana tsammanin awa ta shida lissafi ke shiga kansa? Gyangyaɗi yake yi. A Finlan bayan kowane minti 45 na darasi ana sakin yara minti 15 su fita. A wata firamare a garin Stirling na Sikotland, a 2012, shugabar makaranta ta fara fitar da yara su yi gudu ko sassarfa minti 15 kullum da kayan makarantarsu, ba canza riga ba komai, abin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Wannan ko sisi ba ya ci.

Anti Nas: In ƙara da ido. A birnin Guangzhou na Sin an ƙara wa 'yan aji ɗaya minti 40 a waje kowace ranar makaranta. Bayan shekara uku, waɗanda suka kamu da matsalar rashin hangen nesa kashi 30 ne, a rukunin da ba a ƙara wa lokacin ba kuwa kusan kashi 40. Hasken waje ne ke taimakon idon yaro. Ku dubi yawan 'yan firamare masu tabarau yanzu.

Sakatare: To ga abin da zan kai ranar Asabar, wanda bai yarda ba ya yi magana: a bar fili, a binciki kuɗin ɗora bene a kan ginin gaba, PHE ya koma safe kuma a waje, mata da malama mace, a rubuta sunayen masu sikila da asma.

Alhaji na Kwari: Bene kuma? Kun san kuɗin rodi da siminti yanzu? A rubuta cewa ni ban yarda a ƙara ko kwabo a kuɗin zango ba. A soke intahaus a zuba kuɗin rumfa a ginin.

Baban 'Yan Biyu: A rubuta ni ma ina nan kan bakana game da azuzuwa. Sai dai yanzu na kira Hassana na tambaye ta rabonta da gudu. Ta yi shiru tana tunani, ta ce tun tana aji huɗu, ranar da karen maƙwabta ya biyo ta. Sakatare, ƙarfe nawa ne taron?

Sakatare: Goma na safe, a filin. Kowa ya zo da tabarmarsa.