Darasin wasan kwaikwayo a sakandare: maki ɗaya ga rukuni guda, adalci ne?

Baban Yara, Jidda:
Assalamu alaikum. Ɗana yana aji biyu na babbar sakandare a wata makarantar kuɗi a nan Jidda, kuma bana ya ɗauki wasan kwaikwayo a cikin darussan zaɓi. Malaminsu bai ba su rubutaccen wasa su haddace ba, sai ya raba su rukuni-rukuni, ya ce kowane rukuni ya ƙirƙiro labarinsa, ya rubuta, ya nuna a ƙarshen zango. Abin da ya dame ni shi ne maki ɗaya za a ba rukunin gaba ɗaya, alhali yaron ya ce su biyu ne kawai suke wahalar. Haka ake koyar da darasin, ko malamin ne yake gudun aiki?

Malama, Makka:
Wa alaikumus salam, Malam. Hanyar sananniya ce, kuma ta fi haddar wahala ga malami. Akan ba ɗalibai mafari, kamar hoto ko labarin jarida, su gwada fitowa ba tare da rubutu ba, sannan a zubar da abin da bai yi armashi ba, a rubuta wanda ya tsaya. A nan yaro yake koyon haƙuri idan aka ƙi shawararsa, da ɗaga murya har na kujerar ƙarshe ya ji ba tare da ihu ba, da kiyaye juya wa 'yan kallo baya. Ga 'ya'yanmu da suke tashi da Hausa da Larabcin Hijaz a gida, tsayuwa gaban jama'a da Larabcin fusha, wato daidaitaccen Larabci, riba ce babba. Gwamnatin Saudiyya ma ta ba harkar muhimmanci, domin an kafa Ma'aikatar Al'adu a 2018, sannan hukumar kula da wasan kwaikwayo a ƙarƙashinta a 2020.

Dattijo, Madina:
Ni ban ga baƙon abu a nan ba. Tashen da yara suke farawa idan azumi ya kai kwana goma a ƙasar Hausa, babu mai rubuta musu shi. Su ne suke raba wa juna matsayi, wani ya manna gemun auduga ya zama tsoho, su gyara wasan daga wannan gida zuwa wancan.

Tsohon Malami, Jidda:
Malama ta yi bayani mai kyau, amma ba ta taɓo ainihin koken ba, kuma a ganina Baban Yara yana da gaskiya. Maki ɗaya ga kowa yana sa malalaci ya ci gumin mai ƙwazo. Malamin da ya san aikinsa yakan raba makin, kashi ɗaya na wasan da aka nuna, kashi ɗaya na ɗalibi shi kaɗai, bisa halartar atisaye da littafin da yake rubuta gudummawarsa a kowane zama. Sai dai a yi hattara da hukuncin yaro, domin mai kula da fitilu ko kayan sawa yana aiki ko da bai furta kalma a dandamali ba. Ku nemi malamin ya nuna muku tsarin rabon makin tun kafin ranar nunin.